Furannin Hunturu na Don Ovidio

A shekarar 1988, shekarar da jirgin ƙasa na fasinja ya daina tsayawa a tasharmu ta Paso Arrayan, Ovidio Larrosa ya fara yin doguwar magana da Doña Ermelinda Techera. Ba wai bai san ta ba, don a gari irin namu babu baƙon juna. Gidansa na kan tudu bayan tasha, nata kuwa na can gangare, a layin da ke fuskantar kogin Yi. Shekara da shekaru yana wucewa ta ƙofarta a kan kekensa, ya taɓa bakin hularsa, ita kuma ta ɗago kai daga keken ɗinkinta. Iyakar gaisuwarsu ke nan. Fure ne ya haɗa su a watan Afrilu na wannan shekara, kuma daga ranar ya ɗauki bashin alheri da ya yi kusan shekara ashirin yana neman hanyar saukewa.

Ovidio mai juya wa jirgi layi ne, aikin da ubansa ya yi kafin shi. Dogo ne, mai kaurin gashin baki, maganarsa ba yawa. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ba ya iya kwana da nauyin kowa a kansa. In ka ara masa guduma, da sabuwar ƙota za ta dawo maka. In ka aika masa da kwanon abinci, kwanon ba zai koma gidanka fanko ba, ko da ƙwai biyu ne sai ya saka a ciki. Da aka sallame su daga aiki ya haura hamsin, kuma a lokacin ne ciwon ƙirjin matarsa Delmira ya kwantar da ita. Likita ya ja shi gefe ya gaya masa kada ya sa ran za ta kai watan Satumba, lokacin da sanyi ke ƙarewa a wajenmu, itatuwa su fara toho.

An jawo mata gado jikin taga. Tsakar gidan nasu kuwa tokar gawayin jirgi ce aka daɓe tun zamanin uban Ovidio, ko ciyawa ba ta fitowa. Wata rana da yamma Delmira ta daɗe tana kallon waje, sannan ta ce, "Ovidio, tun ina amarya nake kallon toka ta tagar nan. Ina so in ga wani abu mai launi."

Washegari ya tafi kanti ya zaɓi irin furanni, duk wanda hotonsa ya fi kyau a jikin takarda shi ya ɗauka. Bai san na lokacin zafi ne ba, alhali sanyinmu na Yuni zuwa Agusta ne ke tafe, mai kantin kuma bai ga dalilin faɗa masa ba. Ya kankare toka, ya ja igiya, ya shuka su a miƙe sambal kamar ƙarfen layin dogo. Ya riƙa ba su ruwa safe da yamma bisa agogo, ko da an kwana ana ruwan sama. Ya kuma ji ana cewa jiƙaƙƙen ganyen mate, wato shayin da ake sha a wajenmu, taki ne in an gama sha, sai ya riƙa juye musu na gidansa, har ya bi abokan aikinsa na dā yana karɓo nasu. Abin da ya tsiro kaɗan ne, shi ma fumfuna ta rufe shi ya ruɓe.

Ana cikin haka ne ya tsinci kansa tsaye a bakin shingen Doña Ermelinda, riƙe da keke. Gwauruwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗinki take yi ta ciyar da kanta, kuma harshenta ya fi almakashinta kaifi. Ta bar shi ya yi ta tsayuwa kafin ta fito.

"Don Ovidio, shingen ne ya yi maka laifi, ko ƙirga sandunansa aka aiko ka?"

"Tambaya gare ni, Doña. Akwai furen da ke buɗewa cikin sanyi?"

"Ka taɓa ganin gidan nan ba fure a watan Yuli?"

"Ban taɓa dubawa ba."

"Duk shekarun nan kana wucewa?"

"Hanya nake kallo."

Ya gaya mata abin da ya shuka da yadda ya yi. Da ya zo kan ganyen mate sai ta dafa shinge ta yi dariya har da hawaye. Da ya faɗi dalilin shukar kuwa sai dariyar ta tsaya. Ta buɗe masa ƙofa.

Ta zagaya da shi lambun, tana nuna masa da sandar tsintsiya. "Kai ɗan koyo ne, uku sun ishe ka. Wannan kalendula ce, furenta kamar gwaiduwar ƙwai. Ko jaki ya shuka ta sai ta fito, don haka kai ma kana da rabo. Wannan pensamiento ne, mai fuska kamar ta mage. Raɓa in ta daskare takan kwantar da shi, kada ka taɓa shi, da kansa zai tashi. Wannan kuma aleli ne." Nan ta sassauta murya. Ganyen toka-toka ne, ba shi da wani kyau. Ta ce kakarta ce ta zo da irinsa daga tsibiran Kanariya, ɗaure a bakin gyalenta, kuma babu kantin da ake sayar da mai wannan launi, shuɗi mai duhu da ya ja zuwa ja.

Ta ce ya dasa su jikin bangon da ke kallon arewa, inda rana ke wuni. Ta ce ya ajiye agogonsa, ya tsoma yatsa a ƙasa, in ya ji damshi ya bar su. Furen da ya bushe ya tsinke shi, wani zai fito. In tururuwa masu yankan ganye sun zo, ya zuba musu tsakin shinkafa a hanyarsu, za su shagala da ɗauka. Ganyen mate kuwa ya tara shi a rami sai ya zama baƙar ƙasa tukuna.

"Ga na ƙarshe," in ji ta. "Aleli iri biyu yake fitowa. Akwai mai cikar fure, wanda kowa ke yabo, akwai mai fure falle ɗaya, abin tausayi. Ɗan koyo yakan tuge marasa kyaun. To su ne masu haihuwa. Mai kyaun nan bakarare ne, ba ya ba da iri ko ƙwaya."

Ovidio ya sa hannu a aljihu. "Nawa zan bayar, Doña?"

Ta dube shi kamar ya zage ta. A wajenmu maƙwabci ba ya sayar wa maƙwabci dashe, ba ya miƙa masa hannu da hannu, wanda ya samu kuma ba ya godiya. An ce dashen da aka gode wa ba ya kamawa, wanda aka sata kuwa shi ya fi kowanne yi. Fadan da ya koyar da mu a makarantar mishan camfi yake kiran wannan, amma lambun cocin nasa da irin waɗannan dashen ya cika, kuma ba mu taɓa jin ya tambayi inda aka samo su ba. Ovidio ya san al'adar a bakin mata, bai dai taɓa zaton za ta biyo ta kansa ba.

"Zan shiga in ɗora ruwan mate," in ji Doña Ermelinda. "Butata ba ta saurin tafasa. Akwai tsohon kwano can gindin lemo, da cokali a ciki. Ni ban ga komai ba."

Ta shige ta ja ƙofa. Mutumin da bai taɓa ɗaukar ko ƙusar kamfanin jirgi ba ya tsaya a lambun mutane yana gumi cikin sanyi. Ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya durƙusa ya fara tono. Da ya cika kwanon ya ɗora a bayan keke, sai ga ta ta leƙo ta taga. Bakinsa ya riga hankalinsa, ya fara, "Doña, na go..."

"Rufe bakinka. So kake su mutu?"

Ya haɗiye sauran kalmar, ya hau keke ya tafi.

Kalendula ce ta fara buɗewa, a farkon Yuni. Pensamiento ya biyo baya. Da safiyar da raɓa ta fara daskarewa Ovidio ya fito ya tarar da shi kwance, fari fat, kamar an zuba masa gishiri. Ya manta da duk abin da aka gaya masa, ya koma ciki ya ɗauko filas ɗin ruwan zafi. Yana shirin tsiyayawa sai ya ji ana ƙwanƙwasa gilashi. Delmira ce, tana girgiza masa yatsa. Ya ajiye filas ya zauna a kan dutse yana jira. Kafin rana ta take tsaka ƙananan fuskokin nan duk sun ɗago, sai ka ce ba abin da ya same su. Delmira ta yi dariya har tari ya kama ta.

Aleli ya ja musu rai sai ƙarshen Yuli. Ran da ya buɗe, Delmira ta ce a buɗe mata taga. Likita ya hana, amma Ovidio ya lulluɓe ta da barguna biyu ya buɗe. Ƙamshin ya cika ɗakin. Ta rufe ido ta daɗe, sannan ta ce, "A ina ka samo wannan?"

"Sato shi na yi."

"Kai ɗin?"

"Ni ɗin."

"To, ashe na auri mutum," in ji ta.

Ta rasu a ƙarshen Agusta, itatuwa ba su kai ga toho ba. Waɗanda suka je jana'izar sun tuna yadda Ovidio ya bi bayan akwatin, kansa a ɗage, rungume da damin aleli da ya shuka da hannunsa.

Daga nan ya shiga neman hanyar ramawa. Ya aika wa Doña Ermelinda da amalanken itacen wuta, ta sa mai amalanken ya juya da shi. Da Kirsimeti ya kai mata cinyar rago.

"Ta mece ce?"

"Haka kawai, Doña."

"Ƙarya kake. Ladan fure ne. Ɗauke ta kafin ka kashe mini lambu."

Ya faki idonta ya gyara mata ƙyauren da ya karkace, sai ga sabuwar riga ta ɗinka masa ta aiko, nauyin ya ƙaru maimakon ya ragu. Ita kuwa ta samu abin tsokana. Duk ran da ya wuce sai ta ɗaga murya yadda layin zai ji: "Ina kwana, ɓarawon gari." Shi kuma ya taɓa hula ya ce, "Lafiya lau, Doña." Mutane na dariya, shi ma yakan yi murmushi, amma abin na cin sa. Kalmar da aka hana shi ƙarasawa tana nan tsaye a maƙogwaronsa.

Shukar dai bai bari ba. Da tsakar gidansa ta cika sai ya tsallaka zuwa dandalin tasha, inda fasinja ke tsayawa a dā, wanda ciyawa ta cinye. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi. Cikin 'yan shekaru ya zama duk mai wucewa a motar haya a watan Yuli, lokacin da ƙasa ta yi fari itatuwa suka zama tsirara, sai ya ga tsohuwar tashar Paso Arrayan tana ci da launi tun daga wannan ƙarshe har wancan. Har yanzu a miƙe yake shuka su, wannan kam ba a iya raba shi da ita ba. Mutanen garinmu suka fara kai baƙinsu wurin. Sababbin ma'aurata da tsofaffin da suka bar aiki, duk wanda ke son fara lambu, gidansa yake zuwa. Ya nuna masa ukun nan, ya gaya masa zancen bangon arewa da na yatsa, sannan ya ce zai shiga ya ɗora ruwa. Kowane Maris yakan shuka iri a gwangwanayen da ya tara ya jera su jikin shinge, don ɓarayin su samu sauƙin ɗauka. Kowace shekara kuma yakan bar aleli marasa kyaun nan su bushe a tsaye, ya karkaɗe irinsu ya adana.

A watan Mayu na 2007 kogin Yi ya yi cikar da tsofaffinmu ba su taɓa gani ba. Ruwa ya kai rufin gidajen gangare. A kwalekwale aka fito da Doña Ermelinda, tana dab da tamanin a lokacin, rungume da kan keken ɗinkinta. Aka sauke mutanen layin a rumbun kaya na tasha. Da ruwan ya janye, gidanta na nan tsaye, amma lambun ya zama shimfiɗar laka. Ɗan ɗakin da take ajiye kwalaben iri a ciki ya bi kogi.

'Yarta Mabel ta zo daga Montevideo, babban birni. Ta daɗe tana roƙon uwar ta koma wajenta, a bene, can sama inda ba ƙasa sai siminti, kullum kuma Mabel ɗin zagi take sha. Wannan karon da ta ce, "Mama, a sayar da gidan nan mu tafi," tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To me ya rage?" Shi ke nan. Maƙwabta suka wanke mata ɗakuna, ba ta je ta duba ba. Tana zaune a ƙofar rumbu, ta juya wa furannin tasha baya, don a lokacin kalendula ce kawai ta fara buɗewa, aleli kuwa yana can gida wajen Ovidio, bai dasa shi ba tukuna.

Ovidio ya ji labarin tafiyar a bakin Mabel. Ya koma gida ya tsaya a kan jerin gwangwanayensa. Ya san in ya ɗauka ya kai mata ba za ta karɓa ba, matar da ta mayar da bargon agaji ta ce a ba mabukata. In kuma ya je ya dasa mata da kansa, sadaka za ta kira shi, ta tuge. Ya yi ta juya abin har ya ga hanya ɗaya ce tak, kuma ita ce ta koya masa ita.

Ana gobe za su tafi, da hantsi, ya je rumbun ya cire hula.

"Doña, wani abu na damun dashena. Na rasa gane kansa."

"Ka sake shaƙe su da ganyen mate ke nan."

"Wataƙila. Da za ki duba mini kafin ki tafi."

"Ɗan koyo har ya tsufa bai iya ba," in ji ta, amma ta miƙa hannu Mabel ta ba ta sanda.

Suka hau tudun a hankali. Ta bi jerin gwangwanayen tana taɓa su da bakin sanda. "Kalendula lafiya lau. Pensamiento lafiya lau. Kai dai ka ga ina zaune ne ka..." Ta zo kan masu ganye toka-toka. Ta sunkuya da ƙyar, ta murza ganye ɗaya tsakanin yatsunta.

"Daga kanti ka sayo wannan?"

"A'a. Jikokin wanda na sata ne."

"Ka riƙa barin marasa kyaun?"

"Kowace shekara."

Ba ta ɗago ba. Mabel na tsaye tana kallon su, ba ta gane abin da ake ciki ba. Ovidio ya gyara murya.

"Zan shiga in ɗora ruwan mate. Butata ta tsufa, ba ta saurin tafasa. Baro na nan bakin ƙofa, na manta ban ɗaure shi ba. Idona kuma ya yi rauni, ba na ganin komai."

Ya shiga ya ja ƙofa. Ya ɗora buta, ya zauna a gefen gadon Delmira ya juya wa taga baya. Da farko shiru. Can sai ya ji muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa, da kaifinta na dā: "Ba wannan ba, wancan mai ƙarfin. Ke haka aka koya miki ɗaukar dashe? Riƙe ta gindi." Ya ji Mabel na cewa, "Mama, kayan mutane ne fa," aka amsa mata, "Yi shiru ki tura." Sai kukan ƙafar baro, yana nisa, yana gangarawa wajen kogi.

Ya sha mate har ruwan ya huce kafin ya fito. Ta kwashe fiye da rabi, kuma mafi kyau ta zaɓa. A wannan shekara dandalin tasha bai cika ba, mutane suka yi ta tambayarsa dalili, yana ce musu irin ne bai yi kyau ba.

Mabel ta koma Montevideo ita kaɗai. An ji tsohuwar na gaya wa maƙwabta cewa lakar kogi taki ce, wanda bai sani ba ne ke kuka da ita. A cikin Agusta, gidajen layin ba su gama bushewa ba, ƙamshin aleli ya riƙa tarbar mutum tun daga kwana. Ovidio ya biyo a kan kekensa, yanzu a hankali yake tuƙi, ya taɓa hula. Tana zaune a ƙofa.

"Don Ovidio, an ce ɓarayi sun shiga maka."

"Haka na ji, Doña. Gari ya lalace."

"Ya lalace ƙwarai," in ji ta, ta mayar da kai kan ɗinkinta.

Daga ranar ba ta sake kiransa ɓarawo ba. Baron kuwa ya tarar da shi wata safiya jingine a ƙofar gidansa, da busasshiyar laka a jikinsa. Ya leƙa ciki ko an saka wani abu, riga ko kwalbar zuma, kamar yadda ta saba. Babu komai. Ya daɗe yana kallon fankon baron, sannan ya tura shi ciki, ya je ya tsoma yatsa a ƙasa ya ji ko furanni na son ruwa.